ARAHA BA TA ADO: Ruwan azurfa yana tsayar da ruɓar haƙori, sai dai ya bar shi baƙi

Daga wakilinmu a Damagaram

Tun shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta sanya wani ruwan magani mai azurfa cikin jerin magungunan da ya wajaba a samu a kowace ƙasa. Ɗigo guda yakan ishi haƙora biyar, kuma shafa shi ba ya bukatar inji, ko allurar kashe zafi, ko kuran. Sai dai duk inda ya taɓa ruɓa wurin yakan koma baƙi ƙirin, kuma in likita bai yi hattara ba, farin cikon da zai ɗora a kai ba zai zauna daram ba. Ga unguwa irin Kara-Kara, inda talaka ya saba da cewa ƙarshen ciwon haƙori cirewa ne, wannan magana ta isa a zauna a tattauna ta.

Unguwar da ta san zafin tabo

Ba sai an gaya wa mutumin Damagaram tarihin Kara-Kara ba. Unguwa ce da tun asali aka ware wa masu fama da kuturta da sauran waɗanda gari ya juya wa baya. Ƴaƴansu da jikokinsu, waɗanda aka haifa lafiya lau, sun tashi sun tarar sunan unguwar ya riga su isa duk inda za su nemi aiki ko aure. A 2021 Aisha Macky, ƴar wannan gari, ta nuna wa duniya rayuwar matasan unguwar cikin fim ɗinta mai suna Zinder: masu fasa dutse, da ƴan kabu-kabu, da masu sayar da mai cikin kwalabe a bakin hanya. Mutane ne da abin da suka samu da safe shi za a ci da dare.

Mai irin wannan rayuwa ba ya zuwa wurin likitan haƙori don ya ga ɗan rami a turminsa. Yakan bari sai barci ya gagara, kunci ya kumbura, sannan ya nufi babban asibitin Damagaram, a lokacin da galibi babu sauran dabara sai a cire. Wannan hali bai tsaya ga Kara-Kara kaɗai ba. Rahoton da OMS ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum kusan miliyar 3 da rabi suna fama da cututtukan baki a duniya, kuma yara miliyan 514 suna da ruɓa a haƙoransu na fari wadda ba a yi wa magani ba. A yankin Afirka na hukumar, likitocin haƙori ba su kai 4 ba ga kowane mutum dubu 100, kuma mafi yawansu a manyan birane suke zaune.

Kujerar likitan haƙori ta zamani kuwa tana da nata sharuɗɗan: tana son kuran da ba ya yankewa, da ruwa mai tsabta, da kayan aikin da ake sayowa daga ƙetare. Mutanen Damagaram sun san yadda ruwa yake tsada a wannan gari mai zaune bisa dutse, ba su kuma manta da duhun da aka sha ba bayan da Najeriya ta yanke wa ƙasarmu wuta a watan Agusta na 2023. Shi ya sa duk maganin da za a iya yi da madubi da auduga da ɗan tsinke, a gidan likita na unguwa ko a farfajiyar lakkol, ya cancanci a san shi, da amfaninsa da aibinsa.

Babu tsutsa cikin haƙori

Mun gaji faɗar cewa tsutsa ce take cin haƙori. Likitoci sun daɗe da gano cewa ƙwayoyin cuta ne waɗanda ido ba ya gani, masu zama cikin dauɗar da take manne wa haƙori. Abincinsu sukari ne. Duk lokacin da mutum ya kurɓi shayi a fada, ko yaro ya tsotsi alewa, ko aka sha lemun kwalba, ƙwayoyin nan sukan mai da sukarin ruwan tsami, wato asid, shi kuma ya riƙa zaizaye haƙori kaɗan-kaɗan. Yawan maimaitawa ya fi yawan sukarin ɓarna: wanda ya wuni yana kurɓar shayi tun hantsi har la'asar bai ba miyau damar wanke tsamin ba.

Haƙori hawa uku ne. A waje akwai farin ɓawo, wanda shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, domin kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne. Ƙarƙashinsa akwai ɓangaren da ake kira dantin, mai ɗan rawaya, wanda ya fi laushi, cike yake da zaruruwa da ƙananan kafofi masu nufa ciki. A tsakiya kuma akwai jijiya da hanyoyin jini. Muddin ruɓa ba ta kai ga jijiya ba, ana iya tsayar da ita a cike ramin. In ta kai, zance ya canja. Duk magungunan da za mu ambata a nan na kafin ta kai ne.

Ciko iri uku, kowane da yadda yake kamawa

Mai karatu ba zai gane yadda magani yake ɓata riƙon ciko ba sai ya san yadda cikon yake kama haƙori tun farko. Kowane magini a Birni ya san yaɓe ba ya zama a bangon da bai shirya karɓarsa ba. Haka abin yake cikin baki.

Na farko shi ne tsohon ciko mai launin ƙarfe, amalgam, wanda mutane suke kira dalma ko da yake babu dalma a cikinsa: kusan rabinsa zaiba ce, sauran kuma azurfa da kuza da jan ƙarfe. Shi ba ya mannewa. Likita ne yake sassaƙa ramin ya zama cikinsa ya fi bakinsa faɗi, ya danna cikon ya ƙulle. Yana da ƙarko, amma kwanansa ya ƙare. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 game da zaiba, wadda Nijar take cikin ƙasashen da suka amince da ita, ta nemi a rage amfani da shi. A 2022 aka ce a daina sa wa yara ƴan ƙasa da shekara 15 da mata masu ciki ko masu shayarwa, Tarayyar Turai ta hana shi daga farkon 2025, sannan a watan Nuwamba na 2025 ƙasashen yarjejeniyar suka tsai da shekarar 2034 don barinsa gaba ɗaya. Ke nan nan gaba ciko mai mannewa ne kaɗai zai rage mana, kuma batun riƙo zai zama batun kowa.

Na biyu shi ne farin ciko, kwamfozit, wanda ma'aikata da manyan ƴan kasuwa suka fi so domin yana sajewa da launin haƙori. Asalinsa aikin wasu Amurkawa biyu ne: Michael Buonocore, wanda a 1955 ya nuna cewa in an ɗan ƙona fuskar haƙori da asid roba za ta kama ta, da Rafael Bowen, wanda ya haɗa robar da ake amfani da irinta a farkon shekarun 1960. Likita yakan shafa asid na ƴan daƙiƙoƙi, ya wanke, sai fuskar haƙori ta yi kaushi, kafofin dantin su buɗe. Sannan ya shafa wani gam mai ruwa-ruwa wanda yake kutsawa cikin kafofin da tsakanin zaruruwa, ya haska masa shuɗiyar fitila ya sandare. Riƙon kwamfozit riƙon saiwa ne: in kafofin a toshe suke, ko miyau ya jiƙa wurin, ko wani sinadari ya hana gam ɗin daskarewa, ciko zai zauna a sama kawai.

Na uku shi ne simintin gilashi, wanda Alan Wilson da Brian Kent suka ƙirƙiro a Landan suka bayyana shi a 1972. Garin gilashi ne ake kwaɓawa da wani ruwan asid. Shi ba ya neman kafa ya shiga: yakan ƙulla zumunta ne kai tsaye da kalsiyom ɗin da yake cikin haƙori. Yana jure ɗan damshi, yana sakin fulor a hankali wanda yake kare gefen ramin, kuma ba ya bukatar fitila. Aibinsa shi ne bai kai kwamfozit ƙarfi ko kyan gani ba, ya fi dacewa da rami mai fuska ɗaya. Da shi ne likitan nan ɗan Holan, Jo Frencken, ya soma cike haƙora da kayan hannu kawai a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980, dabarar da OMS ta gabatar wa duniya ranar 7 ga Afrilu 1994. Shi ma an sa shi cikin jerin magungunan dole a 2021.

Ruwan azurfa da aikinsa

Amfani da azurfa a haƙori ba sabon abu ba ne. Tun 1917 wani likita a Boston, Percy Howe, ya yaɗa shafa wa ruɓaɓɓen haƙori ruwan azurfa mai amoniya. Amma maganin da ake magana a kansa yau, wanda likitoci suke taƙaita sunansa da SDF, a jami'ar Osaka ta Japan aka haɗa shi a ƙarshen shekarun 1960, bisa aikin Reiichi Yamaga da Mizuho Nishino, aka soma sayar da shi a 1970 da sunan Saforide. Amurka ba ta ba shi izini ba sai a 2014.

Ruwa ne garai kamar na sha. A nau'in da ya fi yaɗuwa, mai ƙarfin kashi 38 cikin 100, kusan kashi 25 azurfa ce, kashi 5 fulor, kashi 8 amoniya, sauran kuma ruwa. Azurfar tana kashe ƙwayoyin cuta, tana kuma hana narkewar zaruruwan dantin. Fulor ɗin yana jawo ma'adini ya koma wurin da ya zaizaye. Bayan ƴan kwanaki, ramin da yake da laushi kamar jiƙaƙƙen itace yakan ƙeƙashe ya yi tauri. Ma'aikaci yakan share ramin da auduga, ya busar, ya shafa ɗigon da ɗan ƙaramin buroshi, ya jira kamar minti ɗaya. Gwaje-gwajen da aka yi a kan haƙoran yara na fari, in an haɗa sakamakonsu, sun nuna cewa cikin ramuka 10 kusan 8 sukan daina ci gaba, kuma shafawa sau biyu a shekara ta fi sau ɗaya.

Akwai inda ba a sa shi. Haƙorin da yake tashin mutum da dare, ko wanda ya tara mugunya, ya wuce wannan magani. Ba a shafa shi ga wanda jikinsa ba ya shiri da azurfa, ko a bakin da dasashinsa yake da gyambo. Wannan na ƙarshe ya kamata iyaye su riƙe shi da kyau a jihar da ta san cutar noma, mai cinye fuskar yara, wadda ƙungiyar Sentinelles take da cibiyar kula da masu ita a Damagaram tun 1992, kuma OMS ta sa ta cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disamba 2023. Yaron da dasashinsa yake jini yana wari, gidan likita za a kai shi a ranar, ba a jira komai.

Daga ina baƙin yake fitowa?

Duk macen da ta ajiye munduwar azurfa cikin adaka ta san yadda take dusashewa ta yi duhu. Tsofaffin masu ɗaukar hoto kuma sun san gishirin azurfa ne a jikin fim yake baƙi in haske ya taɓa shi. Abin da yake faruwa ke nan a haƙori. Azurfar da ta shige cikin ruɓa takan rikiɗa ta zauna, wurin ya yi baƙi cikin sa'o'i ko kwanaki, kuma asuwaki ko buroshi ba sa fitar da shi. Lafiyayyen ɓawon haƙori ba ya baƙi, ruɓar kaɗai ce take rinewa. In ya taɓa fata yakan bar tabo kamar na lalle wanda yake ɓacewa cikin mako biyu ko uku, amma in ya ɗiga a riga ya zauna ke nan.

Ga likita wannan baƙi albishir ne, domin rami mai baƙi da tauri alama ce cewa ruɓa ta tsaya. Ga uwa kuwa abin kunya ne a gidan suna. A wani bincike da aka buga a 2017 an nuna wa iyaye a yankin New York hotunan haƙoran da aka shafa wa maganin. Kusan biyu cikin uku suka ce za su yarda in a turame ne, amma waɗanda suka yarda a haƙoran gaba ba su kai ɗaya cikin uku ba. Da aka ce musu in ba haka ba sai an sa yaron barci a ɗakin tiyata, sai masu yarda da baƙin a gaba suka kai 6 cikin 10. Ashe ƙyamar tabo tana raguwa gwargwadon tsadar abin da zai maye gurbinsa. To, a Kara-Kara abin da zai maye gurbinsa sau da yawa giɓi ne.

An nemi dabarar kashe baƙin. Wani kamfanin Ostareliya ya fitar da Riva Star, inda bayan ruwan azurfa ake bi da wani ruwa mai iyodi, su haɗu su ba da wani farin gari mai ɗan rawaya. A ranar farko haƙori yakan fito da haske. Sai dai shi ma wannan gari haske yana rina shi, kuma bincike da dama sun ga duhun yana dawowa bayan watanni, ko da bai kai na farko ba. Ba a kuma ba da shi ga mace mai ciki ko mai shayarwa. Duk wanda ya yi maka alkawarin cewa babu baƙi ko kaɗan, ya faɗi abin da ya fi ƙarfin iliminsa.

Yana da kyau mu tuna cewa launin haƙori al'ada ce take yanke masa hukunci. Kakanninmu mata da fure da goro suke rina haƙoransu su yi ja, a kira shi ado. Alhazai da hajiyoyi suna dawowa da haƙorin Makka ana yi musu barka. A Japan ɗin da maganin ya fito, matan aure sun yi ɗaruruwan shekaru suna baƙanta haƙoransu da gangan har wajen ƙarshen ƙarni na 19. Farin haƙori bai taɓa zama shaidar lafiya ba, kamar yadda baƙin ɗigo a turmin yaro ba shaidar ƙazanta ba ne.

In za a cike bayan an shafa

Ruwan azurfa yana tsayar da ruɓa, amma ramin yana nan, tuwo da tsokar nama za su ci gaba da maƙalewa a ciki. Don haka sau da yawa ana so a rufe shi. A nan ne maganin da cikon suke iya samun saɓani.

Da simintin gilashi babu wata babbar rigima. Gwaje-gwajen da aka yi a ɗakunan bincike, inda ake manna ciko a cirarren haƙori a ja shi har ya ɓalle don a auna ƙarfinsa, galibinsu sun nuna cewa riƙon simintin bai ragu ba bayan an shafa maganin. Dalili a fili yake: kalsiyom yake nema, maganin kuwa bai kore shi ba. Shi ya sa likitoci suka haɗa dabarun biyu, a shafa azurfa a kashe ruɓa, a rufe da siminti, duka da kayan hannu. Sai dai in an sa shi a rana ɗaya, simintin kansa yakan ɗauki toka-toka, musamman a gefe.

Da kwamfozit kuwa sai an yi lissafi. Na ɗaya, gurbin azurfa yana toshe kafofin da gam yake son shiga. Na biyu, maganin kishiyar tsami ne, kamar kanwa a miyar yakuwa, don haka yana raunana irin gam ɗin nan na zamani mai ɗauke da ɗan asid ɗinsa a jiki, wanda ba a wankewa. Na uku, shuɗiyar fitilar da ake busar da cikon da ita tana baƙanta azurfar nan take, sai inuwarta ta riƙa lekowa ta ƙarƙashin farin cikon, ko ta zagaye shi da baƙin layi. Mai haƙori ya biya kuɗin fari, ya tashi da toka.

Abin da binciken ya nuna yana gyara lamarin ba shi da wuya. A wanke ramin da ruwa sosai bayan shafawa. A yi amfani da asid ɗin da ake shafawa daban a wanke, maimakon gam mai yin komai da kansa. In da hali a dakata mako ɗaya ko biyu kafin a cike. In haƙorin gaba ne, likita yakan kankare baƙin da yake bakin ramin ya bar na ƙasa, ya shimfiɗa simintin gilashi ya rufe duhun, sannan ya ɗora kwamfozit a sama. Wannan yana nufin zuwa biyu da kuɗi biyu. Mai albashi zai iya. Mai fasa dutse sai a gaya masa gaskiya tun farko, ya zaɓa da idonsa a buɗe.

Cikon da bai kama da kyau ba ya fi rami buɗaɗɗe haɗari ta wata fuska. Yakan bar ƴar tsaga wadda ido ba ya gani, miyau da sukari su riƙa shiga, ruɓa ta ci gaba a ɓoye, mai shi yana zaton ya warke. Alamarsa ta farko sau da yawa launi ce: wani siririn layi mai ruwan ƙasa da shayi da goro da taba suke zanawa a gefen cikon.

Gwanda, jabel da kanumfari

Akwai wasu magungunan da ba su tsayar da ruɓa, narkar da ita suke yi don a kwashe ba tare da inji ba. Carisolv, wanda ya fito daga Suwidin a ƙarshen shekarun 1990, yana ɗauke da ɗan kaɗan na sinadarin da yake cikin ruwan jabel. Papacárie, wanda aka haɗa a Birazil a 2003, daga ƙaron gwanda aka samo ƙarfinsa, irin wanda yake sa nama ya yi laushi in an naɗe shi da ganyenta. Ana zuba su cikin rami, a jira kaɗan, a kankare ruɓar da ɗan cokali. Ba sa baƙanta haƙori, kuma mafi yawan gwaje-gwaje ba su ga sun rage riƙon ciko sosai ba in an wanke ramin da kyau. Amma sun fi inji cin lokaci, kuma dole a cike ramin a ranar. Kada wani ya ji an ce jabel ya ɗauko na wanki: wannan ƙona baki zai yi.

Abin da ya fi shafar mu shi ne wanda muke sawa da hannunmu. Kanumfari yana kwantar da zafin haƙori, gaskiya ne, likitoci ma suna da cikon wucin gadi da ake kwaɓawa da mansa. Sai dai man kanumfari yana hana robar kwamfozit daskarewa yadda ya kamata. Wanda ya kwana uku yana cusa audugar man kanumfari a rami, ya je aka yi masa farin ciko bai faɗa ba, shi ya ɓata aikin da ya biya. Haka masu shafa magungunan ƙara hasken haƙori: iskar da suke bari cikin haƙori tana raunana gam, don haka ake son a dakata kamar mako biyu kafin a yi ciko, kuma ba sa haskaka tsohon ciko, sai dai su bar shi ya fita daban. Ruwan kurkure baki mai kulorheksidin, in an daɗe ana amfani da shi ana kuma shan shayi, yakan rina haƙora da ciko ruwan ƙasa. Ƙwayar asfirin da ake dannawa a dasashi ƙuna take yi, balle ruwan batir da wasu suke ɗigawa in zafi ya gigita su. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a gaya wa likita duk abin da aka sa.

Tsoron Tibiri

Ba za a ambaci fulor a ƙasar nan ba a tuna da Tibirin Gobir ba. Ruwan wata rijiyar burtsatse da aka soma sha a garin a 1985 yana ɗauke da fulor da ya ninka fiye da sau uku iyakar da OMS ta sa, wato miligiram 1,5 a lita. Dubban yara suka tashi da haƙora masu dabbare-dabbare, da yawa kuma ƙasusuwansu suka lanƙwashe, har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kai a 2002. Wanda ya ga haka yana da dalilin yin ɗari-ɗari.

Amma a bambanta. Yaran Tibiri sha suka yi, kullum, shekara da shekaru, lokacin da haƙoransu da ƙasusuwansu suke ginuwa. Ruwan azurfa ɗigo ne da ake shafawa a rami sau biyu a shekara, ana kuma auna shi da nauyin yaro. Darasin Tibiri shi ne a riƙa auna ruwan rijiyoyi, kuma kada a bar irin wannan magani a tiren ƴan talla. Ga wanda ya riga ya sami dabbaren fulor kuma akwai abin lura: irin wannan ɓawo yana gardama da asid, don haka farin ciko ya fi wuyar kama shi, sai likita ya ƙara masa lokaci ko ya ɗan goge samansa.

Abin da ya rage gare mu

Mai karatu, in ka zauna a kujerar likita, ko ka zaunar da ɗanka, tambayoyi huɗu sun ishe ka. Ruɓar ta kai jijiya ko ba ta kai ba? Wane magani za a sa a ramin, zai canja launi? Wane irin ciko za a ɗora, yau ko bayan kwanaki? Yaushe zan dawo a duba? Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan. Kuma kada a ce haƙorin yaro na fari ai famfara zai yi: turamen ƙarshe ba sa faɗuwa sai yaro ya kai shekara 10 zuwa 12, da su yake tauna abincin da zai gina jikinsa, su ne kuma suke tsare wa na dindindin wuri.

Sa magani cikin jerin OMS abu ne guda, isowarsa kabad ɗin gidan likita na unguwa wani abu ne daban. Tun 2006 ƙasarmu ta ɗauki alkawarin kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Muna kira ga ofishin ministan kiwon lafiya da hukumomin jihar Damagaram su duba yadda ruwan azurfa da simintin gilashi za su shiga cikin wannan alkawari, a horar da malaman asibiti yadda ake sa su da inda ba a sa su, a kuma wajabta nuna wa iyaye hoton baƙin kafin a shafa. Ƴan kasuwar da suke shigo da kayan asibiti su ma su sani cewa maganin haske yana lalata shi, ba hajar shanyawa a rana ba ce a kasuwar Dole.

Sauran aikin na malaman lakkol ne da limamai da masu unguwanni. In aka wayi gari yaran Kara-Kara suna zuwa aji da baƙin ɗigo a haƙori, kada ya zama sabon sunan da za a riƙa tsokanarsu da shi. Unguwar ta sha isasshen gori a kan tabon da ba ita ta jawo wa kanta ba. Araha ba ta ado, haka ne, amma haƙorin da yake tauna tuwo, ko da baƙi ne, ya fi giɓi amfani. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.